Rawar Hannun Dattijo

Alƙalin gasar zanen ya ce shi ko an ɗaure masa ido, da hanci zai gane aikin kwamfuta. Wai shekara talatin yana riƙe da fensir. Ni kuwa a waya na koyi nawa zanen, sai na ƙara rungume kwamfutata.

Zane ɗaya tak za a rataye a babban bango, kuma bangon nan nake so.

"Ke yarinya, mayar da akwatin nan gida," ya ce da ni. "Nan wurin masu hannu ne."

Ya bi takardun zanen da aka jera, kowace da lamba, babu suna. A gaban ta sha huɗu ya cire tabarau, ya dafe ƙirji.

"Kun gani? Layuka ne a harɗe, ba kai ba ƙafa, amma akwai rai. Ku dubi yadda hannu ya yi rawa a nan. Dattijo ne ya zana wannan, kuma yana cikin baƙin ciki. Ina inji zai iya!"

Ya sa hannu a takardar shaida, ya ce a kira masa dattijon.

Na matso na buɗe kwamfuta, ga zanen nan mai lamba sha huɗu. Na ja shi da yatsa, ya juya, ya nuna bayansa da ƙarƙashinsa.

"Baba, rawar hannun a kan uku na saita ta," na ce. "In baƙin cikin bai isa ba, tana kaiwa goma."