Zaman Jiran Talge

Ka ce mutanen da aka ba ka shugabanci a kansu zama ya yi musu yawa, kana so ka gyara su. To, kafin ka soma gyaran, bari in ba ka misalin wani manomi.

Manomin nan ya shekara ashirin da ɗoriya yana cin tuwon masarar matarsa, kuma duk tsawon shekarun nan yana mita a kansa. Ba daɗin yake kushewa ba, don tuwonta ko maƙiyi ya ci sai ya nemi ƙari. Jinkirin ne ke ci masa rai. Kullum ya dawo daga gona da yamma, yunwa na nuƙurƙusarsa, sai ya tarar ta dama gari kaɗan da ruwan sanyi ta juye cikin tafasasshen ruwa, wato ta yi talge, ta rufe tukunya da faifai, ta jawo kujera ta zauna da muciya a cinya. Shi a wurinsa wannan zama lalaci ne tsagwaronsa. Ga wuta, ga gari, ga hannu, me ake jira? Ita kuwa sai dai ta iza itace ta ci gaba da zamanta.

Wata shekara cikin marka, rumbu ya ƙare, sabuwar masara ba ta nuna ba, sai zazzaɓi ya kwantar da matar. Kwana uku ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Ran na huɗu ta ce tuwo take marmari. Garin da ya rage a gidan mudu ɗaya ne, bayansa sai abin da Allah ya yi. Matar ƙaninsa ta ce a kawo ta tuƙa, ya ce ta kaɗa miya kawai, tuwo nasa ne. A ransa har murna yake, yau zai nuna yadda ake aiki. Ya tankaɗe gari, ya yi talge kamar yadda ya saba gani, amma tafasa ɗaya ya bari ya yi, ya hau zuba gari yana tuƙi da ƙarfin mai riƙe garma. Nan da nan ya malmala ya kai wa matarsa, yana ta yaba kansa. Ta gutsuri loma, ta manne mata a yatsu. Ta kai baki, ɗanyen gari ya cika mata harshe. Ta yi ta kokawa da ita don kada ta kunyata shi, amma lomar ta ƙi wucewa. Ya ɗanɗana da kansa, ya fita ya watsa wa kaji. Sai a lokacin tsoro ya kama shi, don abin da ya rage a ƙwarya bai fi malmala guda ba, matar kuma ko zama ba ta iya yi sai ta jingina.

Daga kan tabarma ta ce masa, “Malam, talgen da bai dahu ba, ƙarfin tuƙi ba ya dafa shi. Zuba ka rufe, ka zauna har ka ji ƙamshinsa ya sauya.”

Ya sake ɗora ruwa, ya yi talge, ya jawo kujerar nan da ya daɗe yana harara, ya zauna da muciya a cinya. Sau uku hannunsa na kaiwa ga faifai yana janyewa. Ana haka ƙaninsa ya shigo duba mai jiki, ya ce, “Yaya, mara lafiya na jiran abinci, kai kuma ka sami wuri ka zauna?” Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ji maganar tasa ce ta shekara ashirin aka maido masa. Ya dubi ƙofar ɗakin da matarsa ke kwance, ya sunkuyar da kai, ya iza itace. Tuwon ya yi, malmala ɗaya, ta cinye ta sha ruwa. Shi ya kwana da yunwa, kuma bai ga laifin kowa ba.

Saboda haka, kafin ka kira zaman mutum lalaci, ka fara sanin abin da ya ɗora a wuta. Hausawa sun ce, kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.