Shukar da Mai Haƙar Rijiya Ya Bari

Ka ce mini, ɗana, maƙwabta sun dame ka da roƙon irin geron nan naka mai saurin nuna, kana tsoron ka yi ta bayarwa har ka wayi gari babu naka. To, gyara zama in ba ka wani misali.

A wani gari na arewa, inda sai an haƙa gaba ashirin kafin a taɓa ruwa, an yi wani mai haƙar rijiya. Wata rana ya dawo daga aiki a nesa, ɗauke da 'yar shuka a cikin hularsa. Ba ta fi tafin hannu ba. Ganyayenta masu kauri ne, toka-toka, a jere kamar da hannu aka shirya su, kowane da baƙar ƙaya ɗaya a tsininsa. Masu sayar da furanni suna ce mata agabe. Ba a cin ta, ba ta yin inuwa, ado ce kawai. Ya samo tsohuwar randa ya huda gindinta, ya cika ta da rairayi da tsakuwar da ya haƙo daga rijiya, ya dasa shukar a inda rana ta fi dukan tsakar gida. Ya ce wa matarsa, "Wannan irinmu ce, ƙishi ba ya kashe ta. Ruwa ne ajalinta. Kada ki ba ta sai ƙasar ta bushe ƙayau." Bayan shekara uku Allah ya yi masa rasuwa. Ba su taɓa haihuwa ba. Dagi da igiya suka tafi a rabon gado, abin da ya rage wa matar wanda hannunsa ya taɓa shi ne shukar nan.

Shukar kuwa tana da wani hali. Lokaci-lokaci takan fitar da 'ya'ya a gindinta, ƙanana, kamar 'yan tsaki a ƙarƙashin kaza. Duk wadda ta shigo gidan ta yaba, sai tsohuwa, matar marigayin, ta ɗauko wuƙa ta cire mata ɗaya, ta ce a ajiye shi a inuwa kwana uku, bakin yankan ya bushe kafin a dasa. Ta ba ungozoma, ta ba mai koko. Ƙanwarta ta yi faɗa har ta gaji: "Yaya, ke dai hannunki rariya ne. Ki bar ko ɗaya mana saboda gobe!" Ita kuwa sai ta ce, "Uwar ai tana nan." Ɗan da ya fito na ƙarshe ma bai kwana ba. Wata maginiyar tukwane daga ƙauye ta shigo tallar tulu, ta tsaya tana kallon randar, kunya ta hana ta roƙo. Tsohuwa ta ga idonta, ta cire ta miƙa mata.

A shekara ta goma sha biyu sai wani kara ya fito daga tsakiyar shukar, ya yi ta miƙewa har ya wuce katanga, ya yi furanni ruwan ɗorawa, ƙudan zuma suka cika gidan. Tsohuwa ta yi murna. Ba ta san irin wannan shuka sau ɗaya take fure a rayuwarta ba, kuma furen shi ne bankwananta. Da furanni suka zube, ganye ya fara yanƙwanewa. Hankalinta ya tashi, ta manta da maganar mijinta, ta riƙa kwarara ruwa safe da yamma, har gindin ya ruɓe. Ta sa yatsu ta tona tsakuwar kaf, ko ɗa ɗaya babu. Ta bi gidajen da ta ba. Na ungozoma ya mutu a damina, na mai koko ruwan wanke-wanke ya kashe shi. Ta dawo ta kife randar, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun tana takaba.

Ranar kasuwa maginiya ta shigo da tuluna. Ta ga randa a kife, ta ga idon tsohuwa, ta juya ta tafi. Da wata kasuwar ta zagayo sai ga ta da sabon kasko mai huda uku a gindi, da 'yar shuka toka-toka a ciki, ba ta fi tafin hannu ba. Ta durƙusa ta ajiye. Ta ce, "Inna, wanda kika ba ni ya cika mini bayan ɗaki. Ga jikar taki nan na kawo." Tsohuwa ta dubi shukar, ta ce, "Da me kika dasa ta?" Maginiya ta ce, "Rairayi da tsakuwa. Ruwa kuma sai ƙasa ta bushe ƙayau, yadda kika ce maigidanki ya faɗa."

Tsohuwa ta tashi ta tayar da randar, ta kai ta inda rana ta fi duka.

Ka ga, ɗana, wanda ta riƙe shi ne ya salwanta, wanda ta bayar shi ya dawo ya same ta har gida. Shi ya sa magabata suka ce: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.