Gwanjon Nurul Bait

Ranar da aka fara gwanjon Nurul Bait, kamfanin sayar da kayan lantarki, dutsen guga Nawal ta je saya. Ta dawo hannu rabbana, idonta ja, amma tana murmushi.

Murmushin nan shi ya tsaya wa mijinta Mahrus a rai. A duk unguwar da Abu Rehab ake kiransa, wato baban Rehab, direban tasi ne mai baƙin rai, kuma shekara uku ke nan bai ga haƙoran matarsa ba. Ya kai ta bakin teku, ya sai mata awarwaro, ya daina shan taba a ɗaki. A banza. Abu ɗaya da bai gwada ba shi ne barin ta ta yi zancen da ya hana a yi a gidan.

Kamfanin ya karye, kotu ta ce a sayar da komai. Rassa arba'in, har da babban nan na Iskandariyya mai bangon gilashi. Mutane sai jidar firji da fanka suke a rabin kuɗi. Nawal ta koma washegari, ta koma jibi, kullum bayan la'asar, kuma ko kwan fitila ba ta taɓa shigowa da shi ba.

Rana ta biyar ya bi ta. Ya faka a tsallaken titi, don ya rantse tun tuni ba zai ƙara taka shagon nan ba. Ta gilashi ya hango ta. Ta wuce talabijin, ta wuce injin wanki, ta tsaya gindin wani ginshiƙi. Sai ga manajan, Isam, dogo mai gashi a kwance, ƙuruciya na ɗibarsa. Ya ɗan rusuna, ya faɗi wani abu, ya leƙa ofis ya dawo ya tsaya kusa da ita.

Nawal ta lumshe ido. Wallahi lumshe ido, mace mai shekara hamsin da biyu, a gaban jama'a. Sannan ta miƙa masa faranti a rufe. Basbusa ce, wainar nan mai zaƙi, irin wadda ta daina yi a gida.

Kishi ya turnuƙe Mahrus. Washegari ya yini yana zagin fasinja. A madubin mota ya duba sanƙonsa da tumbinsa, ya tsani kansa, ya ƙara tsanar yaron.

"Me kike nema a shagon da ya mutu?" ya tambaye ta suna cin abinci.

"Kallo nake, Abu Rehab."

"Kallon wa?"

Ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta fasa. "Ci abincinka, zai huce."

Kaya suka yi ta ƙarewa. Aka sayar da kantoci, aka sayar da kujerun ma'aikata, har agogon bango wani mai shagon aski ya ɗauke. Nawal ta fara ramewa. Ya ji ta a waya tana cewa, "Don Allah, ɗana, in an rufe ranar Alhamis, ina zan sa kaina?" A nan ya yanke shawara. Zai kama su, ya sake ta a gaban kowa, in ya so a yi ta zancen har Ramadan.

Alhamis ta zo. Shagon fayau, sai igiyoyin lantarki a ƙasa da masu kwance fitilu a kan tsani. Nawal na gindin ginshiƙinta. Isam ya fito daga ofis, ya sa mata wani ɗan abu a tafin hannu, ta damƙe hannunsa da hannu biyu tana kuka.

Mahrus ya manta da rantsuwa. Ya tsallaka titi, ya banke ƙofa, ya ci kwalar Isam.

"Matar mutane ce ta rage ba ku sayar ba?"

"Hajji, yi haƙuri, ka saurara," in ji Isam, yana nuna sama. "Na riga na kunna. Yau ne na ƙarshe, yanzu za su cire."

"In saurari me, ɗan iska?"

Nawal ba ta ko dube shi ba. Kanta a sama yake, wajen ƙaramar lasifikar da ke maƙale a ginshiƙin, wadda ba a jin ta daga tsallaken titi. Abin da ke hannunta ɗan filashi ne na ajiye sauti.

Lasifikar ta yi ƙara kaɗan, sannan wata murya mai dariya a ciki ta ce, "Barkanku da zuwa Nurul Bait, mun ji daɗin ganinku." Hannun Mahrus ya saki kwalar, don muryar Rehab ce, 'yarsu tilo, wadda ta naɗi sanarwar tana aiki a nan, wata biyu kafin ya kai ta makabarta.