Ritayar Wakil

Ranar da aka kunna sabuwar na'urar, sai da aka kashe firjin ma'aikata da fankar ofishin shugaba, Dakta Bamanga, domin janareto ba zai ɗauke su duka ba. Nan take Alfred mai haɗa sinadarai ya raɗa mata suna Hajiya. Ɗakinta daban, sanyinta daban, kuma ba a shiga wurinta da takalmi.

Wata cibiya ce a Turai ta aiko da ita wannan ƙaramin ɗakin binciken magunguna na unguwar Jekadafari. Turawan ba su biyo ta ba. Shekarar ce bama-bamai ke tashi a tashoshin mota, saboda haka ta waya suka koya wa Hassana, mai gwaje-gwajen ɗakin, sarrafa ta, suna ta yaba jarumtarta daga nesa.

Hajiya dai ta iya aiki. A da, Hassana kan yi wata guda tana gwada sassaƙen itace ɗaya a kan ƙwayoyin cuta, tana leƙen faranti har idonta ya yi ja. Yanzu kwamfuta ke tace bayanan dubban sinadarai ta zaɓo masu alamar amfani, hannun ƙarfe ya ɗiga su, kyamara ta karanta sakamako kafin a kira azahar.

Aibinta ɗaya, ƙyanƙyami. Ba ta karɓar faranti sai na kamfani, wanda ake kawowa daga Legas cikin kular ƙanƙara, da lambarsa manne a gindi. Wanda Hassana ke haɗawa da hannu, da sabon jini don ƙwayoyin cuta su tsiro a kai, ana saka mata sai ta yi ƙara ta turo shi waje.

Wannan ƙyanƙyamin ne ya shafi Wakil.

Wakil ɗan Damboa ne. A ƙafa ya fito tare da ayarin masu gudun hijira, ya iso unguwar Gabukka haƙarƙarinsa a waje. Hassana ta gan shi, ta tsaya tsayin daka har aka ɗauke shi aiki. Aikinsa bai da yawa. Duk wata a ɗebi jininsa a zuba a farantai, shi kuma a ba shi abinci da wurin kwana a bayan gini. Bai taɓa makara ba, bai taɓa shiga yajin aiki ba. In Hassana ta gaji da mutanen ofis, wurinsa take zuwa ta zazzage masa komai, kuma ba ta taɓa jin maganar a bakin wani ba.

A taron ma'aikata Dakta Bamanga ya bayyana sabon tsari. Alfred zai koma goge wa Hajiya ƙura. Hassana za ta riƙa danna koren maɓalli, in ya koma ja ta kira Turai. Wakil kuwa zai yi ritaya.

"Ranka ya daɗe, ina zai je?" in ji Hassana. "Garinsu toka ne."

"Malama Hassana, nan wurin bincike ne, ba sansani ba."

"Anti, ki bar shi ya tafi," Alfred ya sa baki. "Ni tun ranar da ya kai ni ƙasa a gaban baƙi ƙuguna bai koma daidai ba."

Hassana ba mai hayaniya ba ce. Ta jira mako ya zagayo, ta ɗebi jinin Wakil kamar kullum, ta haɗa farantai, ta ɓamɓaro lambobin Legas da reza ta manna musu. Hajiya ta haɗiye su ba gardama. Niyyarta sakamako ya yi kyau, sannan ta tona wa kanta asiri a gaban Dakta.

Sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Abin da ba ta sani ba, Hajiya 'yar gulma ce: duk abin da ta gani, Turai take kai wa. Washegari wata Baturiya ta bugo waya, cikin ladabi, tana tambayar dalilin da ya sa jan wasu farantai ya fi na sauran duniya duhu. Aka share gwajin gaba ɗaya. Aka kuma sa wa kular Legas kwaɗo.

Abin mamaki, Dakta bai yi faɗa ba. Mutumin da bai taɓa taka bayan gini ba, sai ga shi can da yamma, hannu a baya, yana zagaya Wakil.

"Ya yi ƙiba, ma sha Allah. Ba ya ɗingishi dai ko? Idon nan na hagu fa, yana gani da shi?"

"Lafiyarsa ƙalau," ta ce.

"To kada a sake taɓa shi da allura. A ƙara masa abinci. Na yi tunani a kan maganarki, bai kamata a watsar da shi a titi ba. A gidana zai yi Babbar Sallah."

"Dakta, ka ji tsoron Allah. Daga Damboa fa ya tsira."

"Ai saboda Allah zan yi, Malama Hassana."

Ana jajiberi aka turo a-kori-kura. Wakil, wanda bai taɓa musu da allura ba, ya kafe ƙafafu ya ƙi shiga, sai da maza uku suka ɗaga shi. Alfred ne ya kama shi ta baya, da murmushinsa. Hassana ta tsaya a bakin get har motar ta sha kwana, sannan ta koma ciki, ta tuɓe takalmi, ta danna kore.

Da yammacin ranar Sallah direban Dakta ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ya gaishe ta da ladabi, ya miƙa mata baƙar leda mai ɗumi.

"Dakta ya ce a gaishe ki. Ya ce tunda ke kika yi kiwon ragon, cinyar Wakil guda taki ce, amma fatar an riga an ba masallaci."