Jan Birin Munkaila

Tun ranar da Munkaila ya shigo da ɗan jan biri cikin kwali a bayan moto, wato babur, bai ƙara yarda da kowa ba a unguwarsu da ke garin Dogon Dutsi. A hannun wani maharbi ya saye shi, kan hanyar Sukukutane, wai don ɗiyarsa Mubarika ta samu abin wasa. Ya kuwa sani sarai ba a ajiye dabbar daji a gida sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Takarda dai babu, allura babu, sai igiya da gindin itacen bedi a bayan ɗaki.

Mai tallar gawayi ya yi sallama, Munkaila ya ce leƙen asiri ya zo. Maƙwabta suka shigo ɗibar ruwa, ya sa aka riƙa tsayar da su a zaure. Mutum da gidansa, amma kullum kamar ɓarawo.

Wanda ya fi tsone masa ido shi ne maƙwabcinsa da ake kira Mushe Mukhtar, malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka kawo garin bara. Laifinsa guda ne. Ta kan katanga ya hango wani karen titi ya shigo sun yi kokawa da birin, sai ya tari Munkaila a ƙofar gida.

"Malam Munkaila, dabbar nan ba ta gida ba ce. Ka miƙa ta ga masu gandun daji, ko dai likitan dabbobi ya duba ta, kare ya ji mata ciwo."

Munkaila ya yi murmushi ya ce to. Yana shiga ɗaki ya ce wa matarsa Sahura ai ga ɗan rahoton ya tona kansa, duk wanda ya ci albashin gwamnati kunnen gwamnati ne.

Ba a daɗe ba birin ya canza. Ya bar cin gujiya, sai dalalar da miyau da fizgar igiya. Wata safiya Mubarika ta miƙa masa dabino, ya cafke mata yatsa har jini. Sahura ta ɗauko mayafi za ta asibiti, Munkaila ya tare ƙofa.

"Ina za ki? In likita ya ce mi ya cije ta, ki ce mi? Daga nan sai jandarma, sai tara, sai kunya cikin kasuwa. Ɗan ƙwarzane ne, ya warke."

Ya barbaɗa toka ya ɗaure da tsumma, ya kuma koya wa yarinyar ta ce langa-langa ce ta yanke ta. Kaico, ita ko ta riƙe maganar babanta, ko kakarta ba ta gaya wa ba.

Da birin ya mutu, Munkaila ya rantse Mushe Mukhtar ne ya jefo guba ta katanga. Ya bizne birin a ɓoye, ya daina amsa gaisuwar maƙwabcin.

Yatsa ya warke, aka manta. Sai ga zazzaɓi. Daga zazzaɓi yarinya ta koma in ta ga kwanon ruwa sai ta zabura, wuyanta ya shaƙe, alhali ƙishirwa na cinta. Inna Ladidi, mahaifiyar Munkaila, ta taso daga Matankari, tana ganinta ta ce wannan aikin aljana Doguwa ne, a nemo masu goge. Munkaila ya ce shi ba a bori a gidansa, jifa ne daga maƙwabta, ruƙiya za a yi. Uwa da ɗa suka yi ta jayayya a kan yarinyar. Sahura ta buɗe baki za ta ambaci biri, Munkaila ya watsa mata harara ta haɗiye.

Ranar da Mubarika ta kasa gane uwarta, Sahura ta goya ta, ta buga ƙofar Mushe Mukhtar, ya ɗauke su a moto. Munkaila ya biyo su yana faɗa. A asibiti manjo, babban ma'aikacin jinya, ya dubi yarinyar ya tambaya ko wata dabba ta taɓa cizonta. Munkaila ya yi ta kame-kame, Sahura ce ta faɗi gaskiya tana kuka.

Manjo ya ce, "Ciwon haukan kare ne. Da ranar cizon kuka wanke da sabulu kuka kawo ta, da allura ta tsare ta. Yanzu ya riga ya kama, sai addu'a."

Kafin la'asar ta washegari Mubarika ta rasu.

Bayan sadakar uku ma'aikatan gandun daji suka zo tafiya da Munkaila. Babu wanda ya taɓa kai ƙarar Munkaila, daga asibiti suka fara jin labarin birin. Ya bi su ko musu bai yi ba, Sahura kuwa ko leƙowa ba ta yi ba.

Jama'a, dabbar daji ba abin wasan yara ba ce, kada ku ajiye ta ba tare da izinin hukuma da kulawar likitan dabbobi ba. In kuwa ta yi cizo, ku wanke da sabulu, ku tafi asibiti ranar, ku faɗi gaskiya. Tara ana biya a wuce, ran ɗa ba ya dawowa.