Iya Ta Cire Takalmi

Tun da aka mayar da hamadar garinsu Iya gandun namun daji, doka ta hana ɗan Adam taka ƙasarta. A mota ake shiga, a mota ake fita.

Iya kakata ce. So take ta taka inda aka binne cibiyarta kafin ta mutu. Tun muna hanya ta cire takalmi ta ɗora a cinya.

Da azahar muka isa. Babu gida ko ɗaya, sai wata aduwa da barewa biyu a inuwarta.

"Tsaya, nan ne tsakar gidanmu," ta ce wa direba. "Buɗe min."

"Iya, wallahi ƙofar ba a hannuna take ba. Sai mun fita daga gandun take buɗewa."

"Ƙafa ɗaya fa, ɗan nan. Barewa ta fi ni gata?"

Ya sunkuyar da kai, ya juya mota. Na leƙa baya. Wata tsintsiya da aka maƙala a gindin motar tana share sawunmu, kamar ba mu zo ba.

Iya ta miƙo min takalmin.

"Sa min, Ladiyo."