Tafin Safiyya a Cikin Jirgi

Har yau warin sabon fenti yakan mayar da ni wata la'asar a rumbun kafilin Baba, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, can Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni da ke kusa da teku. Kafilin ya sayo ƙaramin jirgin sama a cikin akwatuna, Baba ke haɗa masa. Ranar ya tafi da ni da ƙanwata Safiyya. Gangar jirgin na kwance kan katakai babu fukafukai, an fesa wa cikinta koren fenti mai hana tsatsa. Ina ganinsa na ji ya shiga raina.

Wajen wutsiya matsattse ne, sai wani ya shiga ya tokare ƙarfe daga ciki, Baba ya buga ƙusa daga waje. Na cire takalmina, na matso in shiga. Baba ya auna kafaɗuna da hannuwansa, ya yi murmushi.

"Ke kin girma, ya binti, 'yata. Yalla, Safiyya, maza shiga."

Ta shige tana ƙyalƙyala dariya. "Yaya, nan kamar ɗakin amarya!" Ni kuwa aka miƙo mini ledar ƙusoshi.

Da ta fito, tafinta kore shar, ashe ta dafa inda bai bushe ba. Na gyara tsayuwa in sha kallon faɗa. Baba ya leƙa ciki, ya daɗe, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan, a bar shi. Hannunta zai tashi sama."

Yanzu duk mun yi 'ya'ya, kuma ina sonta kamar raina. Amma idan ƙaramin jirgi ya gifta ta kan teku, ta ce wa yarana, "Ga hannuna can!" ni kaɗai ce ba na ɗaga kai.